Yadda Na Sa Aka Sake wa Motar Babana Haƙora

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu da za su karanta wannan mujalla idan mun kai ta gida, ina so in ba ku labarin wani abu da na yi a dogon hutun shekarar 2024, wanda har yanzu in na tuna shi sai in ji kunya ta rufe ni. Abokaina na ɗakin kwana sun sha jin rabin labarin daga bakina, watau rabin da ke da daɗin faɗi. Yau zan cika ɗaya rabin.

Ni mutumin Sabon Birni ne ta ƙasar Gobir, can bakin iyakar Nijar. Babana direba ne. Motarsa Peugeot 504 ce, doguwar nan mai kujeru layi uku wadda kowa ke kira Fijo. Ta girme ni nesa ba kusa ba. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ita kuwa 504 ba a daina haɗa ta can ba sai 2006, bayan Faransa, ƙasar da ta ƙago ta, ta daɗe da barinta. Baba shi ne mutum na huɗu da ya mallaki tamu. Allurar mai ta mutu tun ban shiga firamare ba, ƙofar baya kuwa da igiya ake ɗaure ta. Amma fa kada ku raina ta, don daga cikinta mu tara muke ci, daga cikinta kuma aka sayi akwatin da na zo da shi makarantar nan.

Da can Baba yakan tafi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ta hanyar Isa, ranar Lahadi ya tafi ta Goronyo, sauran ranaku kuwa Sakkwato in an sami fasinja. Ba sai na gaya wa kowa abin da ya sami hanyoyinmu ba. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata mota a kusa da Gidan Bawa suka ƙone ta da mutanen da ke ciki, fiye da mutum 20. Tun daga nan Inna ta hana Baba sakat sai da ya rage zuwa Shinkafi, ya fi ba da ƙarfi ga hanyar Goronyo, ko da yake ita ma ba lafiya gare ta ba.

To, a nan ne maganar tashi ta shigo. Direbobinmu sun raba gudu da tashi. Gudu shi ne iyakar abin da mota ke iya yi in ta sami kwalta mai kyau ta miƙe. Tashi kuwa shi ne yadda take zabura daga tsaye, ko daga tafiyar hawainiya, har ta kama jikinta. A hanyarmu akwai wuraren da kwalta ta farfashe, da inda ruwa ya ci gefen hanya, da inda rairayi ya hau ta, dole direba ya rage har ya kusa tsayawa. Waɗannan wuraren kuwa su ne ake jin tsoro. Fijo da mutum goma a ciki, ga buhunan albasa a baya, ga akuya a sama, in ta rage gudu sai ta ɗauki lokaci tana nishi kafin ta farfaɗo. Na sha jin Baba yana cewa shi bai damu da gudu ba, tashi yake so.

A zango na uku na aji huɗu, malaminmu na Fiziks ya koya mana darasin na'urori masu sauƙi, har muka zo kan ƙafafu masu haƙora. Ya shigo da kekensa cikin aji ya kifa shi bisa tebur, ya sa muka ƙirga haƙoran faifan feda da na ƙafar baya. Daga nan ya zana mana yadda abin yake a mota. Ya ce inji yana juyi da sauri ƙwarai amma ba shi da ƙarfin da zai ja mota kai tsaye, saboda haka ake rage saurin sau biyu don a sami ƙarfi, farko a cikin akwatin giya, sa'an nan a wani wuri tsakanin ƙafafun baya da ake kira difarenshal. Don ya farkar da masu gyangyaɗi, sai ya ba mu labarin masu tseren motoci. Ya ce a Amurka akwai tseren da ake yi a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, watau mita 402, a gama cikin 'yan daƙiƙu. Masu motocin ƙwalisa sukan buɗe difarenshal su sake haƙoran da ke ciki don mota ta zabura kamar an harba kibiya. Ya kuma gaya mana cewa a 1975 wani Bature mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci babban tseren Safari na Kenya, cikin laka da duwatsu, da Peugeot 504.

Kai, da na ji haka sai na ji kaina ya kumbura! Ashe tsohuwar motarmu 'yar gidan sarauta ce. Na kwafe duk abin da ke kan allo. A can ƙasa Malam ya rubuta cewa abin da na'ura ta ba ka na ƙarfi sai ta karɓe shi ta wajen nisan tafiya, ya ce mu ja masa layi. Na ja masa layi da jan biro. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo gare shi.

Da aka ba da hutu na isa gida na tarar motar tana kuka daga baya, wani irin gunji da ke ƙaruwa in an taka totur. Kwana biyu da zuwana Baba ya ce in bi shi gareji. Bakaniken abokinsa ne tun suna yaran mota tare, don haka Kawu muke kiransa. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma in mota ta wuce bakin titi yana iya gaya maka ciwonta ba tare da ya ɗaga kai ba. Garejin nasa gindin wani dogon yaro ne, kewaye da gawarwakin motoci.

Aka ɗaga motar bisa kututture, yara suka shiga ƙarƙashi. In kun taɓa leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ta baya, kun ga wani ƙullin ƙarfe mai kama da tulu a tsakiyar ƙafafun nan biyu. Shi ne difarenshal. Aka tsiyaye baƙin man da ke ciki, mai kauri, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, aka kwance shi aka shimfiɗa kayan cikinsa bisa buhu. Ran nan na fara ganin abin da na zana a littafi da idona. Akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa, akwai kuma wani ɗan ƙarami mai kama da kan masara da ake kira finiyan. Dogon ƙarfen nan farfela, wanda ke tahowa daga akwatin giya, shi ke juya finiyan, finiyan ya juya babban faifai, faifai ya juya tayoyi. A tsakiyar faifan kuma akwai wasu 'yan ƙananan ƙafafu masu haƙora, aikinsu su bar taya ɗaya ta fi ɗaya sauri in za a sha kwana. Wanda ya taɓa yin fareti ya san wannan. In layi zai juya, na ciki yana taka ƙafa wuri ɗaya, na waje kuwa sai ya buɗe taku, in ba haka ba layi ya karye.

Kawu ya ɗaga finiyan ya nuna wa Baba. Haƙori biyu sun ɓantare, sauran sun cinye. Ya ce shi da faifan tare ake sake su, ba a aurar da sabo ga tsoho. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai a aika Sakkwato, in ba a samu ba har Ƙofar Ruwa ta Kano, a nemo irin nata, a jira kamar mako guda. Ko kuwa a cire na wata a-kori-kura 504 da ke kwance nan garejin tun bara, injinta ya mutu amma bayanta lafiya lau, a rabin kuɗi. Sa'an nan ya ƙara da cewa, “Amma hwa in gaya ma gaskiya, wanga na ɗaukar kaya na. Za ta ja, amma za ta sha.”

Ni kuwa ina tsugune ina ƙirgar haƙora da tsinke. Namu finiyan 9, faifai 38. Na roƙi yaran suka buɗe na a-kori-kurar, na ƙirga, finiyan 8, faifai 39. Dubi ikon Allah, haƙori ɗaya ya ragu a nan, ɗaya ya ƙaru a can, shi ke nan bambancin. Na share ƙasa da tafin hannu na yi lissafi. In ka raba 38 da 9 za ka sami 4.22, watau farfela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka raba 39 da 8 kuwa 4.875 za ka samu, kusan sau biyar. Na sake rabawa, na ga ƙarfin da zai isa taya zai ƙaru da kashi 15 cikin 100 a kowace giya. Zuciyata ta yi ta bugawa. Ga abin da Baba ke nema shekara da shekaru, ga shi kwance cikin ciyawa, a rabin kuɗi, kuma ni ne na gano shi.

Na miƙe na yi ta zuba bayani. Na kawo Amurka, na kawo Kenya, na kawo Bature mutumin Suwidin. Yaran gareji suka bar aiki suka kewaye ni. Wani ya ce, “Kai, boko ya yi rana!” Kawu dai yana goge hannunsa da tsumma bai ce uffan ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kama sunana. Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, to, man hwa? Ka ji abin da Kawunka yac ce.”

Ga inda na yi abin kunyar. Na ce, “Baba, ai inji ke shan mai, ba difarenshal ba. Injin kuwa ba a taɓa shi ba.”

Maganar nan ba ƙarya ba ce tsagwaronta, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Wallahi a lokacin da nake faɗinta ina ganin layin nan na jan biro a idona. Na san in taya za ta juya sau ɗaya, yanzu sai inji ya ƙara juyi, kuma kowane juyi da ɗan man da yake tsotsa. Misalinsa kamar mai kwashe damman gero daga gona ne. In ya riƙa ɗaukar ɗaya ɗaya ba zai ji nauyi ba, amma sawunsa zai yi yawa. Na san wannan sarai. Amma ga yara sun zuba mini ido, ga Kawu wanda kowa ke jin maganarsa, ni kuma ina so a ce yau ɗan makaranta ya kayar da shi. Masu tseren Amurka da nake ta ambato, tserensu na ƙarewa kafin a ƙifta ido, ba ruwansu da kuɗin mai, ba su kuma ɗauki albasar kowa ba. Wannan ma ban faɗa ba.

Baba ya yi shiru, can ya ce wa Kawu a sa na a-kori-kurar. Kawu ya ce, “To, motakka ta.”

Kwana biyu ana aikin. A nan na ga abin da babu shi a littafinmu. Ba a ɗora haƙoran haka kawai a ɗaure. Kawu yakan shafa fenti a haƙoran faifan, ya juya da hannu, ya duba inda finiyan ya goge fentin. In ya goge can bakin haƙori, sai ya kwance ya ƙara wani siririn zoben ƙarfe, in ya goge can gindi sai ya rage. Ya yi haka ya fi sau shida har sawun ya zauna daidai tsakiya. Ya ce in an yi ganganci a nan, wata uku ba za ta yi ba za ta koma kuka.

Ranar gwaji kuwa ba a magana. Muka cika motar da yaran gareji. Baba ya saki kuloci, sai Fijo ta zabura har kanmu ya bugi kujera. Ya bi da ita ta wani hawa mai rairayi da ke fitowa daga fadama, inda kullum sai ya koma giya ta ɗaya, ta haye shi da ta biyu ba ko tari. Da muka hau kwalta allurar gudu ta haura 120, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta. Na ga Baba yana murmushi shi kaɗai. Daren nan har nama aka ƙara mini a miya, ni kuwa ina tafiya cikin gida kamar wanda ya ƙera motar.

Ranar Lahadi ta ƙarshen watan Agusta na bi shi Goronyo a matsayin yaron mota. Kafin in ci gaba, sai na faɗi yadda Baba ke sayen mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka cire tallafin mai, farashin gwamnati bai kai Naira 200 lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, kuma a wajenmu, inda sau da yawa sai wurin 'yan bumburutu ake samu, kullum ya fi haka. Tun daga lokacin ba direban da ke cika tanki. Tun da allurar mai ta mutu, Baba da ka yake awo. Ya san lita 20 na kai shi Goronyo ta komo da shi, har a sami ɗan ragowar da zai kai motar tasha da safe. Shekara da shekaru awon nan bai taɓa ba shi kunya ba. Ran nan ma lita 20 ya zuba.

Tun a tafiya na fara ganin alamu. In muka sami kwalta mai kyau Baba ya sa giya ta huɗu, sai inji ya riƙa ihu kamar yana roƙon a ƙara masa wata giyar, alhali kuwa babu. Allura tana nuna 100, amma sai ga wata ƙaramar mota ta zo ta wuce mu a hankali, direbanta har yana ɗaga mana hannu. Wani Alhaji da ke gidan gaba ya ga allura ya ce, “Direba, a yi sannu, muna da iyali.” Baba ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, don jikinsa bai ba shi suna gudu haka ba. Ni na gane dalili nan take. Wayar allurar gudu daga akwatin giya take, juyin farfela take ƙirgawa, ba ta san an sake haƙora a baya ba. Watau 120 ɗin da muka yi ta murna da ita ran gwaji, 104 ce. Na ja bakina na yi shiru.

Muka ci kasuwa, muka yi lodi, muka kamo hanya bayan azahar don mu isa gida da sauran rana. Baba yana jin daɗin tashin motar, duk inda ya rage don rami sai ya take ta ta zabura. La'asar ta yi, muka wuce rabin hanya, muka wuce inda ake ganin mutane jefi-jefi. Muna tsakanin wasu ƙauyuka biyu da mutanensu suka tashi, sai motar ta yi tari sau ɗaya. Ta sake yi. Baba ya taka totur, ta amsa kaɗan, sa'an nan ta mutu. Muka gangara har ta tsaya da kanta.

Wanda bai san ƙasarmu a ƙarshen Agusta ba, ba zai gane ba. Gero ya yi tsawo ya fi mutum, dama da hagu, ba ka ganin abin da ke taku goma daga bakin hanya. Ba motar da ke tahowa, don duk mai hankali ya riga ya wuce. Baba ya fita ya buɗe tanki ya zura kara, ya zaro shi ya duba. Busasshe. Bai dube ni ba. Da ma ya dube ni, ko ya zage ni, da na fi jin sauƙi.

Mu goma sha ɗaya ne har da jariri. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya san ba wurin ɗaga murya ba ne. Wata tsohuwa ta fito da tasbaha. Mai jaririn ta sa shi a nono tun bai yi kuka ba. Alhajin gidan gaba ya cire hularsa da agogonsa ya tura ƙarƙashin kujera. Baba ya ɗauko galan ya tsaya yana duban gabas da yamma, yana tunanin ko ya aike ni ko ya tafi da kansa ya bar mu. Ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai lissafi. Na taɓa auna tayar motar da igiya, kewayenta kusan mita 2 ne, watau juyi 500 a kilomita ɗaya. A giya ta huɗu inji da farfela tafiyarsu ɗaya. Da, inji na juyi 2,111 a kowace kilomita, yanzu 2,438. Ƙarin juyi 327 a kowace kilomita, tun daga Sabon Birni har Goronyo, har zuwa wannan wuri da muke tsaye. Lissafin da ya kamata in yi a gindin dogon yaro, ga shi ina yin sa a inda ba shi da amfani.

Sai muka ji ƙarar babur.

A garinmu yanzu ba ƙarar da ke tsinka zuciya kamar wannan in kana daji. Tsohuwa ta daina jan tasbaha. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na kasa ko gudu. Muka kasa kunne mu ji ko ɗaya ne ko da yawa. Ɗaya ne. Ya ɓullo daga kwana, da ya hango mu sai ya taka birki ya tsaya can nesa, ya karkata kan babur kamar zai juya. Muna kallonsa, yana kallonmu. Ashe shi ma tsoronmu yake ji, ya ga mota tsaye a inda mota ba ta tsayawa, ya ɗauka tarko ne. Baba ya fita tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu sama, galan a ɗaya, ya kifa shi don a ga ba kome ciki. Mutumin ya daɗe yana shawara, sa'an nan ya matso a hankali. Wani magidanci ne da buhun gari ɗaure a baya.

Ko gaisuwar kirki ba a yi ba. Ya cire robar mai ta ƙarƙashin tankinsa ya tsiyaya mana a gora, ya cika ta sau biyu, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan in shi ma zai kai gida. Baba ya zuba a tanki, ya rage kaɗan ya ɗiga a kafireto. Ya miƙa masa kuɗi, mutumin ya ce a bar shi, a dai yi ta addu'a, ya hau babur ya tafi. Aka murza makulli sau uku, ta kama. Abin mamaki, a nan kuma haƙoran nan da suka jefa mu cikin wahala su ne muka gode wa, don Fijo ta tashi da mu da lodinmu kamar an kore ta. Muka shiga Sabon Birni ana kiran magariba, Inna tana tsaye a zaure.

Bayan sallar isha'i Baba yana zaune bisa tabarma a ƙofar gida. Na ɗauko littafina na Fiziks na durƙusa, na haska fitila na karanta masa layin nan, na fassara masa da Hausa. Na ce na san da shi tun a gareji. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, “Da Kawunka yay yi magana, raina ya ba ni gaskiya tai. Amma na ɗauka abin da anka koya muku ya hi wanda munka sani.” Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba. Na ce ko za a mai da irin na da. Ya ce da wane kuɗi? Kuma ko da akwai kuɗin, shi ya ga tashin da yake so, zai riƙe abinsa, sai dai yanzu ya san farashinsa. Ya ce tun da na iya lissafin riba, gobe in zauna in yi masa na hasara.

Da safe na tafi na ba Kawu haƙuri a gaban yaran da suka yi mini tafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai 'yan kabu-kabu kullum suna zuwa a sa musu babban faifan sarƙa a ƙafar baya don babur ya ja buhu uku, bayan mako biyu su komo suna kukan mai. Ya ce in tayoyin baya suka ƙare, Baba ya sa masu ɗan tsawo, za su mai da kaɗan daga abin da aka rasa, su kuma rage kaɗan daga tashin. Ya kuma gargaɗe ni kada in je in gaya wa Baba motar ta fi ƙarfin laka yanzu, don in taya ɗaya ta faɗa taɓo, 'yan ƙananan haƙoran nan na tsakiya sai su sakar mata juyi duka, ta yi ta wulwulawa, ɗayar tana tsaye, ko haƙori nawa ke ga faifai. Wannan kam Malam bai kai ga koya mana ba.

Sauran hutun na yi shi da littafi a gidan gaba. Muka auna tafiya uku. In Baba ya bi son ransa yana take ta, sai ta sha lita 23. In ya sassauta ƙafa a kan kwalta, ya bar tashin sai inda ake bukatarsa, 22 na isa. Ashe man bai hau daidai da juyin inji ba, ƙafar direba ma tana da nata rabo. Na kuma rubuta masa wata 'yar takarda da manyan lambobi na manna kusa da sitiyari: in allura ta ce 60, to 52 ce, in ta ce 80, 69 ce, in ta ce 100, 87 ce. Fasinjan gidan gaba in ya fara salati, sai Baba ya nuna masa takardar da yatsa ya ce, “Ɗan boko yar rubuta.” Har yau ban rabe ba ko yabo ne ko zolaya.

A farkon Satumba na 2024 aka sake ƙara kuɗin mai, lita ta haura Naira 850 ko a gidajen man gwamnati. A cikin watan muka koma makaranta, Baba ya kawo ni Sakkwato da kansa, akwatina a sama tare da buhunan wani. A bakin ƙofa ya sauke mini kaya, ya ce in gai da malamin nan mai keke, ya miƙo mini kuɗin kashewa a naɗe. Sai da na shiga ɗakin kwana na warware na ƙirga. Sun kasa na zangon da ya wuce da Naira 2,000, kusan kuɗin lita biyu ke nan a lokacin. Na sake naɗe su na sa a ƙasan akwati.